Dila a bakin maƙabarta, zuciya a kan ma'auni: yadda Misirawan dauri suka raba wa allolinsu aikin mutuwa

Manyan maƙabartun tsohuwar Masar da duniya ta fi sani, daga dalolin Giza da na Saƙƙara zuwa Kwarin Sarakuna da ke hayin Luksor, duk a yammacin Kogin Nilu suke, can inda rana ke faɗuwa. Har matattu kansu "mutanen yamma" ake kiransu. Ana binne su ne a bakin hamada, inda ambaliyar kogi ba ta kaiwa kuma ba a taɓa ƙasar noma ba. To amma bakin hamada gidan dila ne, kuma dila yana tone kabarin da bai yi zurfi ba. Mu a wurinmu ba a ba kura ajiyar nama. Su kuwa wannan dabbar da ke yawo tsakanin kaburbura da dare ita suka ɗauka suka mayar mai gadin gawa, suka ba ta jikin mutum da kan dila. Shi ne Inpu, wanda Girkawa suka kira Anubis, sunan da ya bi shi har yau.

Mai karatu ya sani cewa kalmar "alloli" a nan tana nufin abin da mutanen wancan zamani suka ɗauka suna bauta wa. Tarihinsu ake bayani, don a gane abin da ya sa al'umma guda ta shafe shekara kusan 3,000 tana zuba dukiyarta da basirarta a kan sha'anin kabari.

Abin da na fahimta shi ne, ba za a gane aikin ko ɗaya daga cikin allolin nan ba sai an gane abin da Bamisire ke tsoro. Warwatsewa yake tsoro. A ganinsa mutum haɗakar abubuwa ne da dama. Akwai gangar jiki. Akwai ka, ƙarfin rayuwa da aka haife shi da shi, wanda ke buƙatar ci da sha ko bayan mutuwa. Akwai ba, wanda suke zanawa kamar tsuntsu mai kan mutum, mai fita daga kabari da rana ya dawo wa gawa da dare. Akwai zuciya, mazaunin hankali da tunani, sannan inuwa, sannan suna. Mutuwa tana kwance igiyar da ta ɗaure waɗannan. Idan jiki ya ruɓe, ba ya rasa inda zai sauka. Idan aka daina kawo abinci, ka ya galabaita. Idan aka kankare suna daga jikin dutse, an kashe mutum a karo na biyu. Kowane abin bauta da za mu ambata yana da wurin tsayuwarsa a aikin tattara mutum a mayar da shi ɗaya, har ya zama abin da suke kira akh, ruhi mai haske.

Tushen wannan tunani labarin Osiris ne. Shi sarki ne da ya mulki Masar a farkon zamani, ƙanensa Set ya yi masa hassada ya kashe shi. Rubuce-rubucen Misirawa ba sa son faɗin yadda aka yi kisan ƙarara, sai dai su kewaya, domin a wurinsu abin da aka rubuta yana da ƙarfin tabbata. Cikakken labarin a jere daga marubucin Girka Fulutak ya zo mana, wanda ya rayu a ƙarni na farko zuwa na biyu bayan haihuwar Annabi Isa (AS). A ruwayarsa, Set ya sa aka ƙera akwati daidai tsawon yayansa, ya yaudare shi ya shiga a wurin liyafa, aka rufe aka jefa a kogi. Da matarsa Isis ta gano gawar, Set ya sake ƙwace ta ya yanka gunduwa 14 ya watsa a faɗin ƙasar. A ruwayoyin Misirawa kuma, Isis da 'yar'uwarta Neftis suka bi gari gari suna tsinta. Anubis ya haɗa gaɓoɓin ya naɗe su da ƙyalle, wannan ce gawa ta farko da aka adana. Isis ta rikiɗa ta zama shirwa, ta yi shawagi a kan gawar tana kaɗa mata iska da fukafukai, har rai ya ɗan dawo ta ɗauki cikin Horus. An sassaƙa wannan a bangon ɗakin bautar da sarki Seti na Farko ya gina a Abidos, yana nan har yanzu.

Wurin da ya kamata a lura shi ne, Osiris bai dawo duniya ba. Ɗansa Horus ne ya yi jayayya da Set ya karɓi gadon sarauta, shi kuwa ya zama sarkin Duwat, ƙasar matattu. Wato labarin bai yi wa kowa alkawarin tsira daga mutuwa ba. Alkawarinsa shi ne wanda aka daddatsa ma an haɗa shi, ya samu mulki a wani gida. Shi ya sa ake liƙa sunansa a gaban sunan mamaci, a ce "Osiris wane", don abin da aka yi wa wancan a yi wa wannan. Kuma a wurin jana'iza akan samu mata biyu masu kuka a matsayin Isis da Neftis, ana kiransu shirwa biyu.

Ana zana fatar Osiris kore ko baƙa. Baƙi a wurinsu launin albarka ne, launin laka da ambaliyar Nilu ke bari a gonaki, har sunan ƙasar tasu Kemet ma'anarsa baƙar ƙasa. A kabarin sarki Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a watan Nuwamban 1922, an samu wani faifan katako mai siffar Osiris da aka cika da ƙasar kogi aka shuka hatsi a ciki, don ya tsiro a cikin duhu bayan an rufe ƙofa. Manomi ne kawai zai yi irin wannan tunani: iri ana binne shi ne kafin ya fito. A Abidos kuma mutane sun ɗauki kabarin wani tsohon sarki mai suna Jer a matsayin kabarin Osiris kansa, suka yi ta kai tukwanen sadaka ƙarni bayan ƙarni. Tarin kasaken da suka bari ne ya sa Larabawa suka sa wa wurin suna Ummul Ƙa'ab, uwar tukwane.

Aikin Anubis ya fi na kowa zama a aikace, domin a ɗakin gyaran gawa ake yinsa, kuma babban mai aikin yana tsayawa ne a matsayinsa. Kwana 70 ake ɗauka. Ana fitar da ƙwaƙwalwa ta hanci da ƙugiya a zubar, don ba su ɗauke ta da wani amfani ba. Ana tsaga gefen hagu na ciki a ciro kayan ciki. Sannan a binne jikin cikin wani gishiri da ake haƙowa a Wadi Natrun, tsakanin Alƙahira da Iskandariya, na kimanin kwana 40 har ya bushe ƙayau. Wannan gishiri ɗan'uwan kanwarmu ce, sinadarinsu guda da wadda ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi. Bayan nan a shafa mai da ƙaro, a naɗe da lilin hawa hawa, ana cusa layu tsakanin naɗi.

Kayan cikin da aka ciro ma ba a barinsu haka. Ana sa su a tuluna huɗu, kowanne da mai gadinsa daga cikin 'ya'yan Horus huɗu. Imseti mai kan mutum shi ke da hanta, Hapi mai kan gwaggon biri huhu, Duwamutef mai kan dila tumbi, Kebesenuf mai kan shaho hanji. Su ma masu gadin an sa musu masu gadi mata: Isis, Neftis, Nit da Serket mai alamar kunama. Zuciya kaɗai ake bari a ƙirji, saboda akwai inda za a neme ta.

Ranar binnewa akan tsallaka kogi da gawar zuwa yamma, a tsayar da ita a bakin kabari, ɗan mamacin ko wani limamin bauta sanye da fatar damisa ya taɓa bakinta da idanunta da wani ƙarfe mai kama da gizago. Sunan wannan al'ada buɗe baki. Daga nan ne ake ganin mamacin zai iya ci, ya sha, ya gani, ya yi magana, kuma maganar ce ta fi muhimmanci, don hanyar da ke gabansa da baki ake binta. A bakin dutsen yamma Hator ke tarbarsa a siffar saniya. Nut, allahiyar sama, ana zana ta a cikin murfin akwatin gawa ta shimfiɗu a kan mamaci kamar uwa a kan ɗanta, wani lokaci kuma tana leƙowa daga bishiyar ɓaure tana zuba masa ruwa.

Duwat cike take da ƙofofi, kowace da mai tsaro riƙe da wuƙa, ba ya barin kowa ya wuce sai wanda ya san sunansa. Akwai macizai, akwai tafkin wuta, akwai tsoron a wayi gari mutum yana tafiya ƙafa sama kai ƙasa yana cin ƙazanta. Don haka aka tanadi rubutattun addu'o'i da surkulle. Mafi tsufa su ne waɗanda aka sassaƙa a cikin dalar sarki Unas a Saƙƙara, wajen shekara 2350 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma na sarakuna ne, daga baya aka haɗa da wasu matansu. Bayan wasu ƙarnuka hakimai da manyan ma'aikata suka fara rubuta irinsu a jikin akwatunan gawarsu. Daga wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa kuma sai aka koma rubutawa a naɗaɗɗiyar takarda da ake yi da ciyawar bakin kogi, wadda duk mai hali zai iya saya. Wani masani Bajamushe, Karl Richard Lepsius, shi ya sa mata suna Littafin Matattu a 1842. Masu abin kuwa sunan da suka ba ta shi ne fitowa da rana, kuma bambancin sunayen biyu ya nuna inda hankalin kowa yake. Wadda ta fi shahara ita ce ta wani magatakarda mai suna Ani, da aka yi wajen 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya kusa mita 24, tana gidan tarihin Birtaniya da ke Landan tun 1888.

A cikin wannan takarda ne ake ganin zauren shari'a, kuma nan ne tunanin Misirawa ya kai ƙololuwa. Anubis ke kula da ma'auni, ya durƙusa yana duba daidaitonsa. A hannu ɗaya na ma'aunin an ɗora zuciyar mamaci, a ɗaya kuma gashin jimina guda, alamar Ma'at. Ma'at allahiya ce, kuma ita ce gaskiya da adalci da tsarin da duniya ke tafiya a kai, tun daga fitowar rana har zuwa cikar mudu a kasuwa. Tot mai kan jinjimi, ubangidan marubuta, yana tsaye da alƙalami yana rubuta sakamako. A gefe kuma Ammit na zaune tana jira, kanta na kada, ƙirjinta na zaki, bayanta na dorina, wato an haɗa mata dabbobi uku da Bamisire ya fi tsoro. Idan zuciya ta gaza, ita za ta haɗiye.

Kafin awo mamaci yana fuskantar alƙalai 42, ya kira kowanne da sunansa da garinsa, sunaye masu ban tsoro irin su Mai Karya Ƙashi da Mai Haɗiye Inuwa, ya faɗi laifin da bai aikata ba. Wannan yana cikin babi na 125 na Littafin Matattu, kuma shi ne wurin da ya fi taɓa ni. Akwai manyan laifuka kamar kisa da sata da saɓon alloli. Amma akwai kuma waɗanda duk ɗan karkara zai gane nan take: ban tauye mudu ba, ban yi wa sikeli algus ba, ban ci iyakar gona ba, ban tare ruwa a lokacin ban ruwa ba, ban kori dabbobi daga makiyayarsu ba, ban ƙwace nono daga bakin jariri ba, ban sa kowa kuka ba. Sannan ya ƙara da cewa ya ba mayunwaci gurasa, ya ba mai ƙishi ruwa, ya tufatar da mai tsiraici, ya ba wanda ya rasa jirgi abin ƙetare kogi. Mutanen da suka tsara wannan jeri sun san inda zalunci ke ɓuya a zaman yau da kullum, kuma sun yarda cewa wanda aka cuta a bakin gona yana da mai bi masa kadi.

Musulmin da ya ga hoton nan dole Mizani ya faɗo masa a rai, amma kada a yi saurin haɗa su. A wurin Misirawa zuciyar kanta ake aunawa, kuma abin da ake nema ta yi daidai da gashin. Alƙalan da yawa ne, kuma sanin sunayensu yana cikin sharuɗɗan wucewa. Wanda ya faɗi kuma, babban hukuncinsa shi ne shafewa gaba ɗaya, ko da yake zanen kaburburan sarakuna yana nuna maƙiyan Osiris ana fille musu kai ana jefa su a wuta kafin a kai ga hakan. Wanda ya haye sai a kira shi mai gaskiyar murya, Horus ya kama hannunsa ya kai shi gaban Osiris, wanda ke zaune a kan gado Isis da Neftis na tsaye a bayansa.

Sakamakon da ake fata shi ne Aru, wata fadama mai dogayen ciyayi da magudanan ruwa, inda alkama da sha'ir ke fin mutum tsawo. Masar ce dai aka sake yi ba fari ba yunwa. Tun da gona ce, akwai aikin gayya, akwai yashe magudana da jidar yashi. Saboda haka ake binne mutum da 'yan mutum-mutumi da ake kira ushabti, an rubuta a jikinsu cewa idan aka kira maigidansu aiki su amsa a madadinsa. A wani zamani cikakken saiti 401 ne: ma'aikata 365, ɗaya ga kowace rana, da shugabanni 36, kowanne na kula da goma. Tutankamun 413 aka sa masa. Taharƙa, sarkin Kush da ya mulki Masar aka binne shi a dalarsa ta Nuri a ƙasar Sudan ta yau, nasa sun haura dubu.

Akwai kuma wata lahira ta daban da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, ta Ra, abin bautar rana. Kowane dare Ra yana shiga Duwat a jirgin ruwa, ya ratsa sa'o'i 12, kamar yadda aka zana a bangon kabarin Tutmos na Uku. Duk inda ya wuce haskensa na farkar da matattu na ɗan lokaci. A sa'a ta shida, tsakiyar dare, yana haɗuwa da gawar Osiris su zama ɗaya, rana ta samu sabon ƙarfi, gawa ta samu rai. A ta bakwai macijin Afofis ke tare hanya don ya tsayar da jirgin, a ɗaure shi a sassare shi, gobe kuma ya dawo. Da asuba Ra ya fito a siffar buzuzu, Kefri. Abin mamaki a nan, a wasu zane-zanen wanda ke tsaye a goshin jirgin da mashi yana sukar macijin shi ne Set, wanda ya kashe Osiris. Ba su yi masa kallon shaiɗan zalla ba a yawancin tarihinsu. Sun ga cewa ƙarfin da ya yi ɓarna a gida shi ake buƙata a bakin daga.

Saura tambayar da ba za a kauce mata ba: idan hali ake aunawa, mene ne amfanin layu? Domin a kan ƙirjin gawa akan ɗora wani dutse mai siffar buzuzu, a rubuta masa babi na 30B, inda mamaci ke roƙon zuciyarsa kada ta tashi ta ba da shaida a kansa, kada ta ƙaryata shi a gaban mai riƙe da ma'auni. A takardun da suka iso mana ma'aunin a daidaice yake fitowa, tun da mai takardar shi ya biya kuɗin zanen. Wasu ma an rubuta su ne an bar gurbin suna, sai mai saye ya zo a cike. Herodotus, Bagirken da ya rubuta labarin Masar a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce gyaran gawa hawa uku ne gwargwadon kuɗin dangi. Talaka kuwa sau da yawa tabarma ce da rami a cikin yashi. A nan nake ganin tsarin ya yi rauni, don shari'ar da ta hana tauye mudu ita ce kuma ake neman a toshe bakin shaidarta.

Su ma kansu abin ya dame su. A zamanin Ramsis na Tara, wajen 1110 kafin haihuwar Annabi Isa, an gurfanar da ɓarayin kaburbura a Tibis, wato Luksor ta yau, kuma bayanan shari'ar sun nuna mutanen yankin ne, har da masu fasa dutse, suka shiga kabarin wani sarki suka kwashe zinariyar jikinsa suka cinna wa akwatin wuta. Akwai waƙoƙin masu garaya da aka rubuta a bangon kaburbura suna tunatar da cewa babu wanda ya tafi can ya dawo ya ba da labari. Akwai kuma tsohuwar wasiyyar da aka danganta ga wani sarki zuwa ga ɗansa Merikare, mai cewa bayan mutuwa ana tara ayyukan mutum a gefensa kamar tsibi.

Amsa mafi ƙarfi ta zo ne a wani labari da aka samu a takardar zamanin mulkin Rumawa, game da Setne, ɗan Ramsis na Biyu. Wata rana ya leƙo ya ga ana kai wani attajiri maƙabarta da kuka da alfarma, a baya kuma ga wani matalauci an naɗe shi a tabarma ba mai rakiya. Sai ya ce ina ma a yi masa a lahira yadda za a yi wa attajirin. Ƙaramin ɗansa Si-Osire ya ce a'a, a dai yi maka yadda za a yi wa matalaucin. Uban ya ji zafin maganar, yaron ya kama hannunsa ya shiga da shi ƙasar matattu, zaure bayan zaure. A na bakwai suka tarar da Osiris a kan gadon zinariya, Anubis da Tot a gefensa, ma'auni a tsakiya, ga wani mutum sanye da lilin na sarauta tsaye kusa da Osiris. Yaron ya ce wannan shi ne mai tabarmar: an auna, alherinsa ya rinjayi laifinsa, aka ba da umarni a kwashe kayan kabarin attajirin a ba shi. Attajirin kuwa sun riga sun wuce shi a zaure na biyar. Shi ne mutumin da ke kwance a bakin ƙofa yana kururuwa, an kafa tsinin da ƙyaure ke juyawa a kansa a cikin idonsa na dama.